Baban 'Yan Bokiti na Ƙofar Marusa

Allah ne ya ba mu shi, Shi kuma ya karɓi abinSa. Surukina, mahaifin matata, wanda duk Ƙofar Marusa ke kira Baban 'Yan Bokiti, ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, bayan jinyar da ba ta cika wata guda ba. Aka yi masa sutura bayan azahar.

Ina cikin masu ɗaukar makara, don haka ban lura da yawan jama'a ba sai da muka dawo daga maƙabarta. 'Yan ga-ruwa sun jera kurarsu a jikin katanga tun daga bakin lungu har masallaci, babu wanda ya fita talla a cikinsu har la'asar. Abokan aikina na kwana-kwana sun zo cikin kaki, suka zauna tabarma ɗaya da teloli da 'yan acaɓa. Wata tsohuwa mai ƙosai, wadda suka yi shekara da shekaru suna rigima da shi a kan garwashin da take bari in ta tashi, ta tsaya bakin zaure ta ƙi shiga cikin mata. Tana share ido da gefen mayafi tana cewa, "To yanzu wa zai riƙa yi mani faɗa?"

Wani mutum kuma ya zo daga Kambarawa, ba wanda ya gane shi sai dattawa. Ashe a unguwar ya yi haya shekarun baya. Da ya gama addu'a ya shafa, sai ya ce, "Ni ba ni da dogon zance. 'Ya'yana huɗu. Da ba don Allah ya kawo mutumin nan ba, da uku ne." Ya sa takalmansa ya tafi.

Bayan sadakar uku matata ta ce mani, "Kai ka fi kowa shan faɗansa. Kai ya kamata ka rubuta wani abu, kafin yara su girma su ji sunan kawai." Shi ya sa na zauna.

Baba bai taɓa sa kaki ba, bai taɓa karɓar albashin kowa ba. Sana'arsa ƙirar kwano: bokiti, kurfoti, mazurari, akwatin ƙarfe na 'yan makarantar kwana. Daga ƙauye ya shigo Katsina yana saurayi, ya koyi sana'ar, ya buɗe rumfarsa a jikin gidan da ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Labarin yadda ya fara, na ji shi daga bakinsa ya fi sau goma, kuma ko yaushe iri ɗaya. Wuta ce ta kama gidan maƙwabcinsa da rana tsaka. A lokacin ofishin kwana-kwana ɗaya ne a garin, babu wayar hannu, sai wani ya hau keke ya je ya faɗa. Ya ce, "Mun fi mutum ɗari a ƙofar gidan nan, bokiti huɗu. Kowa na salati, kowa na ba da umarni. Muna tsaye gida ya zama toka." Ba a rasa rai ba, amma maƙwabcin nan da rigar jikinsa kawai ya fita.

Washegari Baba ya ajiye aikin mutane ya fara ƙera bokitai. Ya shafa masu jan fenti, ya yi masu gindi mai tulu, wanda ba ya zama a ƙasa. Da aka tambaye shi dalili, sai ya ce bokitin da ke zama a ƙasa, mako guda zai yi mata su are shi su yi wanki. Ya rataye su a zauren da ke gefen rumfarsa, ya ajiye duro cike da yashi, da tsani, da gatari biyu. A bakin ƙofa ya rataye tsohon ƙarfen tayar mota, in an buga shi har bayan ganuwa ana ji. Zauren nan shi mutane suka riƙa kira tasha, da farko da zolaya, daga baya da gaske.

Ya raba wa kowa aikinsa. Mai gyaran wutar unguwa shi ke cire fis kafin kowa ya zuba ruwa. 'Yan ga-ruwa su kawo kura. Mahauci da mai faci su ne masu tsani da gatari. Telan unguwa kuwa aikinsa ƙirga mutane, don shi ke ɗinka kayan sallar kowane gida, ya san yara nawa ne a ciki har da na goye. Baba kan ce, "A ƙirga mutane tukuna. Katifa ba ta da uwa." In ya ga wani ya rugo da gudu yana ihu, sai ya riƙe masa hannu ya ce, "Tsaya. Wa ka zo ceto, kai da ba ka san inda kake sa ƙafa ba?"

Ni na shigo rayuwarsa ne ta neman aure. Kafin magabatana su je, ya sa aka kira ni in gaishe shi. Na cire takalma tun daga nesa, na durƙusa a bakin zauren nan, bokitai na reto a saman kaina. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "An ce mani kai ɗan kwana-kwana ne."

Na ce, "E, Baba."

"To madalla. In wuta ta tashi gidan mai unguwa, ta ina motarku za ta shigo?"

Na ce ta babban titi mana, sai ta karyo kwana.

Ya ce, "Ba ta shiga. Akwai dakali a kwanar nan, ga kwata. Sai dai ku zagayo ta bayan masallaci." Ya ci gaba da dukan kwanonsa, har na ɗauka ya manta da ni. Can ya ce, "Ɗiya dai na ba ka. Amma gari ba ka san shi ba tukuna."

A shekarun da suka biyo baya, aikinmu ya girma a idona. Garin ya buɗe ta ko'ina, gonakin da muka sani suka zama unguwanni. Aka ƙara tashoshi, aka kawo sababbin motoci, aka riƙa tura mu horo. Wayar hannu ta zo, kira ya zama na minti ɗaya. Wasu unguwanni suka kwaikwayi Baba suka kafa nasu 'yan sa-kai, har sukan turo a ƙera masu irin bokitansa. Biyu daga cikin matasan da suka taso a tasharsa ma aka ɗauke su aiki a wurinmu. Ranar da suka zo gaishe shi cikin kaki, ya sa masu albarka, ya yi ta murmushi. Da suka tafi sai ya ce wa tela, "Mu shuka, su girbe." Ba na jin da mugun nufi ya faɗa, amma ba da daɗi kawai ya faɗa ba.

Gaskiya ita ce mu ma ba mu ɗauke su da muhimmanci ba. A ofis mukan ce 'yan bokiti sun fi kawo cunkoso fiye da taimako. Su kuma suna cewa mu sai an gama aiki muke zuwa da jiniya. Ni ina tsakiya. A ofis in yi shiru, a gidan surukai in sunkuyar da kai.

Ranar da abin ya fashe, Asabar ce da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe. A lokacin an ba ni shugabancin mota guda da mutum biyar. Aka kira mu wani gida a lungun bayan rumfar Baba, wuta ta kama a kicin ta hau silin. Da muka isa, mutanen Baba sun riga sun cire fis, tela ya ce kowa na waje. Baba na tsaye a tsakar gidan, daf da ƙofar kicin, layin bokiti na zuwa hannunsa yana watsawa. Sai matar gidan ta riƙe mani riga tana cewa akwai tukunyar gas a ciki, babba, jiya aka cika ta.

Wanda bai taɓa ganin abin da tukunyar gas ke yi ba in ta yi zafi, ba zai gane abin da na ji ba. Ni na gani a wurin horo, na kuma gani a wani shago. Baba bai taɓa gani ba. Wutar da ya sani ta itace ce da kananzir da katifa.

Na matsa kusa da shi na rusuna, na ce, "Baba, don Allah a ja baya, akwai gas."

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Saura kaɗan. Miƙo!"

Na sake faɗa. Ya karɓi wani bokitin. A bayansa akwai mutum ya kai goma sha biyar a layi, kuma na san muddin yana tsaye ba wanda zai motsa. Ban san lokacin da muryata ta fita ba. Na ce, "Ku fitar da shi! Kowa waje!"

Mutanena biyu suka kama shi ta hammata suka ɗaga. Dattijon da ko sunansa ban taɓa furtawa ba, wanda ban taɓa cin abinci a gabansa ba, aka fito da shi ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, duk unguwa na kallo. Hularsa ta faɗi cikin ruwan tsakar gida. Na ga faɗuwarta, na tsallake ta na ja mesa.

Muka laɓe bayan katanga muka yi ta feshin ruwa daga nesa har tukunyar ta huce, muka kashe sauran. Ba ta fashe ba. Da ta fashe, da kowa ya ce na yi daidai. Tun da ba ta fashe ba, abin da unguwa ta gani shi ne suruki ya sa an yi wa surukinsa ɗaukar buhu.

Da na koma gida, matata ta riga ta ji. Ba ta yi mani faɗa ba, ta ajiye mani abinci ta shige ɗaki, wanda ya fi faɗa ciwo. Washegari na je gaishe shi. Na durƙusa, ya amsa, "Lafiya lau, Ofisa." A da Malam yake ce mani. Haka muka yi kusan wata biyu. In gaishe shi, ya ce Ofisa, ya ci gaba da dukan kwano.

Daga ƙarshe na ɗauki kawuna, ƙanin mahaifiyata, muka je da la'asar. Kawu ya yi doguwar magana, ya ba da haƙuri, ya ce yaro ne, zafin aiki ne, ba zai ƙara ba. Baba ya saurara har ya gama. Sannan ya juyo wurina, karo na farko da ya dube ni ido cikin ido.

"Kawunka ya ce ba ka ƙarawa. Ni kai nake son ji. In gobe haka ta sake faruwa, mi za ka yi?"

Kawu ya taɓa ni da gwiwa. Na san amsar da yake so in bayar. Na dubi ƙasa na ce, "Baba, ka yafe mani. Amma in ta sake faruwa, sake fitar da kai zan yi."

Kawu ya ce, "Subhanallahi."

Baba ya gyara zama. Sannan ya ce, "Da ka ce a'a, da na san ɗiyata na hannun wanda ba ya iya riƙe ta." Na fara sakin numfashi, sai ya ɗaga yatsa. "Amma hulata ta faɗi, ka gan ta, ka tsallake. Fitarwar aikinka ce, ban riƙe ka da ita ba. Hular nan kuwa, da ka gama kashe wutar ai kana iya komawa ka ɗauko."

Gaskiya ya faɗa. Har yau in na tuna, hular ce ke damuna, ba tsawar ba.

Bayan haka da 'yan watanni aka kira mu wani gidan katako a wajen Ƙofar Kaura. Masu wurin sun daɗe suna fama da kansu kafin wani ya tuna ya kira, ga ranar kasuwa, hanya ta cushe. Kafin mu isa rabin wurin ya tafi. Muna tsayawa sai dutse ya sauka a gilashin mota, wani ya biyo baya. Matasa sun taru suna ihu wai sai yanzu muka ga dama. Direbanmu ya sa giyar baya.

Ashe Baba na wurin, an buga masa waya ya zo da mutanensa a kan babura. Sai ga shi ya ratso taron, ya zo ya tsaya a gaban motar, ya juya mana baya, ya fuskanci masu jifa. Bai ɗaga murya sosai ba. Ya ce, "Wanda ke da sauran dutse ya jefo nan. In kun kore su, da mi za ku kashe? Da bakinku?" Ya nuna wani dogo da ke gaba-gaba, ya ce, "Kai, na ga kana da ƙarfi. Zo ka kama masu mesa." Dogon nan ya dubi dutsen hannunsa kamar bai san yadda aka yi ya zo wurin ba, ya yar, ya zo ya kama. Da shi muka ƙarasa aikin.

Mako guda bayan nan Baba ya zo ofishinmu da ƙafarsa, sanye da babbar riga, ya nemi ganin shugabanmu. Ya ce yana so a koya wa mutanensa sha'anin gas da fetur, don wutar yanzu ba irin wadda ya sani ba ce. Aka sa ranar Lahadi. Ni aka ba koyarwar. Na shiga na tarar da shi a bencin gaba, ga tela, ga mahauci, ga 'yan ga-ruwa a baya. Na yi ta kame-kame, har ya ce, "Malam, yi aikinka. Nan ba gidana ba ne." A ranar na ji Malam ɗina ya dawo.

Shi ma bai zo hannu sake ba. Ya kawo faifan kwano mai faɗi, ya zana taswirar Ƙofar Marusa a kai da ƙusa: kowane lungu, inda mota ke shiga da inda ba ta shiga, gidajen da ke da rijiya, da gidajen da ke da tsoho ko mara lafiyar da ba ya iya fita da kansa. Yana nan rataye a ofishinmu, sababbin ma'aikata na koyon unguwar da shi. Tun daga lokacin aiki ya rabu yadda ya kamata. Su ke da mintocin farko: su cire wuta, su fitar da mutane, su buɗe hanya, su tsayar da wani a bakin titi ya nuna mana lungu. In mun iso su ja baya. Ƙananan gobara da yawa kafin mu zo sun gama da ita, sai dai mu duba mu koma.

Kada in sa a ɗauka mutum ne mai sauƙi. Baba na da faɗa, kuma ba ya zaɓen wuri. Yana da wata sanda da ya yanka daidai rabin faɗin motarmu. In ya ga wani na gina dakali ko rumfa a lungu, sai ya zo ya auna sau biyu a gaban mai ginin, ko gaisawa ba su gama ba. Ya ɓata da mutane da dama a kan haka, har da wani ɗan'uwan Inna, surukata, wanda suka shekara ba sa ga-maciji. Ya taɓa shiga walimar aure ya sa aka matsar da tukwane daga jikin janareto, uwar amarya na kuka tana cewa ya kunyata ta. Ba ya ba da haƙuri a kan irin wannan. Sai dai in gobara ta ci gidan mutum, ko da wanda suka ɓata ne, da safe za ka ga Baba ya aika da kurfoti sabo da bokiti da tukunya, ya ce a faɗa wa matar gidan ta dafa wa yara wani abu, sauran zance sai an ƙoshi.

Da ciwo ya kwantar da shi, nakan biya bayan na tashi aiki. Ba ma doguwar hira, ba mu saba ba. Ya tambayi yara, ya tambayi ko an fita yau, in ce an fita ko ba a fita ba. In an fita ya ce, "Mutane fa?" In na ce kowa lafiya, sai ya ce alhamdulillahi ya lumshe ido. Na ɗauka iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan: girmamawa, da aiki, da faɗan da ya wuce.

Ranar bakwai, da jama'a suka ragu, na shiga cikin gida in yi wa Inna sallama. Tana zaune a kan tabarma da carbi. Na durƙusa daga bakin ƙofa, na ƙara yi mata gaisuwa, ta amsa. Na yunƙura zan tashi sai ta ce, "Zamna, in faɗa maka wani abu."

Na koma na zauna.

Ta ce, "Ka san hanyarku ta nan bakin titi take bi. Duk ranar da jiniya ta wuce, in ya san kana bakin aiki, ajiye guduma yake yi. In na aika mashi da abinci, ba ya buɗewa. Sai ya ji motar ta dawo a hankali, ba jiniya, ya leƙa ya ƙirga kawunanku, sannan ya wanke hannu. Tuwona ya sha hucewa saboda kai. Shekara nawa ina ɗumame."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Inna, bai taɓa faɗa mani ba."

Ta ɗan yi murmushi, na farko da na gani a fuskarta tun ranar Laraba. Ta ce, "Surukinka ne fa. Ta ina zai fara?"

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Ya kare shi daga wutar da ta fi kowace wuta, shi da iyayenmu baki ɗaya. Ya ba Inna haƙuri, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.